TEBURIN AIKI NA FARKO: YADDA SABON KAFINTA ZAI YI NASHI A GIDA

Jawabi don masu koyon sana'a da ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci

Maganar yau ta aikin katako ce.

Kowace shekara, in an gama girbi, samari da yawa na barin gari. Wasu su tahi Kano, wasu Abijan, wasu Libiya. Sai tsohi da mata da yara a gida. A lokacin nan kuwa ƙofa na karyewa, ba mai gyara. Bencin makaranta na ɓallewa, ba mai ɗaurawa. Katakon amalanke na ruɓewa, sai an kai shi birni. Kuɗɗin da anka samu ga gero da wake suna hita gari, ba su komowa.

Akwai samarin da sunka zauna wurin kafinta a birni shekara ɗaya ko biyu. Sun iya riƙon zarto da rabo. Sun komo gida da ƴan kayan aiki cikin buhu. Amma abu ɗaya ya hana su farawa: ba su da teburin aiki. Jawabin ga nasu ne, da na duk wanda ke son bin hanyarsu.

DON MI TEBUR?

Wani zai ce: masassaƙi na aiki ƙasa tun zamanin kakanni, yana yin turmi da akushi da ƙotar hauya, bai taɓa neman tebur ba. Gaskiya ne. Amma aikin masassaƙi daban, na kafinta daban. Masassaƙi na sarar gungume da gizago, nauyin gungumen ke riƙe shi. Kafinta kuwa da falanki shike aiki. Falanki ba shi da nauyi, in an tura mashi rabo sai shi gudu.

Mai aiki ƙasa shina danne katako da ƙafa. Zarto na wucewa kusa da yatsunshi. Bayanshi na ciwo tun kahin azahar. Rairayi na shiga katako, shina kashe kaihin rabo. Ƙofar da anka haɗa bisa ƙasa mai tudu da kwari, ita ma karkatacciya za ta hito. Wanda ya saya sau ɗaya ba shi komowa.

Teburin aiki ba na ado ba ne. Abu ukku ake nema gare shi. Shi yi nauyi. Kada shi yi rawa. Samanshi shi zama shimhiɗaɗɗe. In ya cika ukkun nan, ko ba shi da kyan gani, ya biya bukata.

WURI DA AWO

Kahin a sayi komi, a zaɓi wuri. Rumfa ta hi ɗaki, don tana da haske da iska. A daɓe ƙasa ta yi lebur. Kada rana ta riƙa dukan tebur, kada ruwan damana shi riƙa zuba mashi. A nisanta shi da murhu, don ɓawon katako na saurin kama wuta.

Ga awon da ya dace da mai farawa. Metir ɗaya santimetir 100 ne. Masu sana'a na taƙaitawa su ce santi.

Tsawo: santi 150.
Faɗi: santi 60.
Tsayi daga ƙasa: santi 85.

Tsayin nan na matsakaicin mutum ne. Kowa shi auna nashi. Shi tsaya miƙe, shi saki hannu, wani shi auna daga ƙasa zuwa wuyan hannu. Nan ne saman tebur zai tsaya. In tebur ya cika tsayi, kafaɗa ke gajiya. In ya cika gajarta, baya ke ciwo.

WANE ICCE?

Katakon da ake saidawa kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, yawancinshi daga ƙasashen kudu masu daji shike zuwa. Iri biyu ne sananne. Akwai farin katako: shina da taushi, ba shi da nauyi, ya hi araha, amma gara na son shi. Akwai jan katako: shina da ƙarhi da nauyi, ya hi tsada. Mai hali shi yi tebur duka da ja. Wanda kuɗɗinshi ba su kai ba, shi yi ƙafahu da ja, sauran da fari.

Iccen gida ma na yi. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, shina da ƙarhi, gara kuma ba ta cika damunshi ba. Cikin kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 manoma da ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE sunka fara dasa layukan bedi don tare iska. Daga baya itatuwan nan sun ba gari iccen gini da na aiki. Turare ma na yin ƙafar tebur, amma shina tsagewa in ya bushe da gaggawa. Ƙirya da marke na da ƙarhi ƙwarai, sai dai suna wahal da zarto. Kuka kuwa ba ta katako, cikinta kamar soso ne.

A kiyaye da doka. Dokar daji ta Nijar mai lamba 2004-040, ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta hana sarar itatuwan da anka kare ba da izini ba. Gawo na cikinsu. Wanda ke son sarar icce, shi fara ganin ma'aikacin daji. Takardar izini ta hi tara sauƙi. Kuma wanda ke ci da icce, ya kamata shi zama na gaba wajen dashe. Ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itatuwa a Nijar tun 1975.

Wajen saye, mutum shi ɗaga falanki, shi sa ido ga baki ɗaya, shi dubi tsawonshi kamar mai duba bindiga. In ya murɗe, shi aje. In shina da babban ƙulli ko tsaga, shi aje. In gari na zuba daga ƴan ramu, ƙwaro na ciki, shi aje. Shi tambayi kuɗɗi wurin mutum ukku kahin shi biya. Shi rubuta komi cikin littahi.

KAYAN DA ZA A SAYA

1. Katako mai kusurwa huɗu, santi 8 bisa 8, irin na ruhin kwano: metir 4.
2. Falanki mai faɗin santi 30, kaurin santi 4: metir 3.
3. Falanki mai faɗin santi 30, kaurin santi 3: metir 4 da santi 20.
4. Bulon 8, wato ƙusa mai zare da ake ɗaurewa da noti, tsawon santi 12, kowane da rondel ɗinshi.
5. Ƙusoshi na santi 7 da na santi 10.

Kayan aiki kuwa su ne: metir, fensir, zarto, rabo, kurhi, guduma, abin huda katako, kile na ɗaure noti, da igiya. Wanda ba shi da abin huda, shi ara na yini ɗaya. Kada mai farawa shi ci bashi don sayen inji. Hannu ya isa wannan aiki.

A BARI KATAKO SHI BUSHE

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Katakon da ya zo daga kudu, sau da yawa da sauran danshi jikinshi. In ya shaƙi iskar hunturu, sai shi tsuke. Katako na tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba. Tebur da anka haɗa da ɗanyen katako, bayan wata biyu sai shi buɗe baki, shi fara rawa.

A jera katako cikin inuwa, bisa duwatsu, nesa da ƙasa. A sa ƴan karare tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa. A ɗora nauyi sama. Katakon kasuwa shi samu sati ukku ko huɗu. Iccen da anka sara ɗanye kuwa sai ya yi watanni da yawa. Kada a shanya katako rana, tsagewa zai yi. Sannu ba ta hana zuwa.

YANKA

Ga inda lissahin makaranta ke amfani.

Ƙafahu 4 ne. Tsayin tebur santi 85, kaurin sama santi 4. In an ɗebe 4 cikin 85, saura 81. Kowace ƙafa santi 81. Sau huɗu ya zama 324. Katakon metir 4 ne, wato santi 400. Saura 76. Cikin sauran nan a yanke 54, shi ne zai tallabi tsakiyar tebur. Guntun da ya rage, wajen santi 20, kada a yar. Zai yi kan guduma ta icce.

Falanki mai kaurin 4, a raba shi biyu: 150 da 150. Su ne saman tebur. In an jera su, 30 da 30 sun ba da 60.

Falanki mai kaurin 3, a yanka shi ukku: 150, 150, da 120. Na 120 shi ne kantar ƙasa. Na 150 guda biyu, a tsaga kowane ta tsawo, a hidda mai faɗin 20 da mai faɗin 10. Masu faɗin 20 su ne falankin gaba da na baya. Masu faɗin 10, a yanke guda biyu na santi 54 cikin kowane. An samu gicciye 4 ke nan, da guntaye 2 da za su yi amfani daga baya.

Don mi 54? Faɗin tebur 60 ne. Falankin gaba ya ci 3, na baya ya ci 3. An ɗebe 6, saura 54.

A auna sau biyu kahin a yanka. A ja layi kewaye da katako, huska huɗu. A sa zarto gefen layi, wajen abin da za a yar, don zarto ma na cin nashi rabo. Ƙafahun nan huɗu a jera su wuri ɗaya, a tabbata tsawonsu ɗaya.

HAƊA ƘAFAHU

Ƙafahu biyu-biyu ake haɗawa, kowane biyu da gicciye biyu, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ba a manna gicciye bisa ƙafa kawai a buga ƙusa. Ana sara mashi gurbi shi zauna ciki. Ta haka icce ke ɗaukar nauyi, ƙusa riƙewa kawai take.

Gurbin sama, daidai kan ƙafa. Gurbin ƙasa, shi fara santi 15 daga ƙasa. Zurhin kowane santi 3. Wajen faɗin gurbi, kada a dogara ga metir. A aza gicciyen kanshi bisa ƙafa, a zana gefenshi biyu da fensir. A yanka da zarto bisa layi har zurhin santi 3. A ƙara yanka ukku ko huɗu tsakani. Sannan a hidda iccen da kurhi, kaɗan-kaɗan. Gurbi mai kyau shi ne wanda gicciye ke shiga sai da ɗan bugu.

Kahin a buga ƙusa, a duba kusurwa. Wanda ba shi da ma'aunin kusurwa, ga dabara. Daga kusurwa shi auna santi 30 bisa gicciye, shi yi alama. Shi auna santi 40 bisa ƙafa, shi yi alama. In tsakanin alamun biyu santi 50 ne, kusurwa ta tsaya daidai. Magina ma da wannan lissahi suke aza harsashin ɗaki.

Akwai dabara ta biyu. A ja igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. A sake ja daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. In tsawon biyu ɗaya ne, an dace. In ba ɗaya ba ne, a tura kaɗan har su daidaita. Sannan a buga ƙusa ta santi 7, biyu ko ukku ga kowane gurbi. Jan katako da bedi, sai an fara huda ƙaramin rami, in ba haka ba ƙusa ta lanƙwashe ko icce shi tsage.

TADA TEBUR

Aikin ga na mutum biyu ne. A tada ƙafahu, gicciye na duban waje. A kawo falankin gaba da na baya. Bakinsu na sama shi yi daidai da kan ƙafahu. A bar santi 15 kowane gefe, wato daga bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa santi 120.

Kowace ƙafa bulon biyu, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Na sama shi bi ta cikin ƙafa, kada shi faɗa gurbin gicciye. A fara huda rami mai faɗi, zurhin santi 1, don kan bulon shi nutse cikin falanki. Sannan a huda har shi ɓulla. A sa rondel, a ɗaure noti da kile.

Don mi bulon, ba ƙusa ba? In hunturu ya zo, katako ya tsuke, ana ƙara ɗaure noti, tebur shi koma kamar sabo. In kuma an tashi ƙaura, ana kwance shi a aza bisa amalanke.

Faɗin falankin gaba da na baya shi ke hana tebur rawa in ana tura rabo. Shi ya sa ba a rage shi.

Yanzu a sa katakon nan na 54 tsakiya, tsakanin falankin gaba da na baya, daidai da bakinsu na sama. A buga mashi ƙusa ta santi 10 daga waje. A aza falankin 120 bisa gicciyen ƙasa, a buga. Ga kanta ta samu. In an ɗora mata kayan aiki, ko dutse, tebur na ƙara nauyi.

SAMAN TEBUR

A dubi bakin falanki inda anka yanka. Za a ga zobban icce. Huskar da ke duban zuciyar icce ita za ta kalli sama. In falanki ya ƙara bushewa, bakunanshi ba za su ɗaga ba.

A goge gefen falankin biyu da rabo har su haɗu ba haske tsakani. A aza su, a matse, a buga ƙusa ta santi 10 cikin gicciye, da katakon tsakiya, da falankin gaba da na baya. Kada a sa gam tsakanin sama da gicciye. Katako na numfashi, damana shi kumbura, rani shi tsuke. Ƙusa na bari shi motsa kaɗan, gam ba shi bari.

Kowace ƙusa a nutsar da kanta cikin katako, wajen rabin santi. Kan ƙusa ɗaya ya isa ɓata bakin rabo. Bayan haka a aza miƙaƙƙen katako bisa tebur, ta tsawo, ta faɗi, ta gicciye. Inda ya yi tudu a yi alama, a kankare da rabo. Kada a shafa fenti, don aiki zai riƙa zamewa. Kada a shafa man gyaɗa, tururuwa zai kira.

ABIN RIƘE AIKI

Mamatsin ƙarhe na kanti shina da tsada. Mai farawa na iya aiki ba shi.

Na ɗaya: a ɗauki guntun katako siriri, a buga shi ƙarshen tebur na hagu, shi ɗan ɗaga sama. Falankin da ake gogewa zai tokare nan. Bahago shi sa nashi dama.

Na biyu: guntayen nan 2 da sunka rage, a buga su bisa tebur, bakinsu ɗaya a tsuke, ɗaya a buɗe. A tura katako tsakani, a matse da icce mai bakin gatari. Yawan turawa, yawan riƙo.

Na ukku: a huda ramu na santi 2 cikin falankin gaba, a sassaƙa ƴan turaku masu shiga ciki. Ƙofa ko dogon falanki na zama bisansu in ana goge gefe.

Na huɗu: a tahi wurin maƙeri. Shi samu ƙarhe kewayayye mai santsi, kaurin milimetir 16, tsawon wajen santi 40. Shi lanƙwasa shi kamar lamba 7, shi baje bakin. A huda ramin milimetir 18 bisa tebur. A zura ƙarhen, bakin shi hau katako, a buga kai da guduma. Zai riƙe gam. In an buga bayanshi, sai shi saki. Kuɗɗin nan ma cikin gari sunka tsaya.

GARA DA LAHIYA

Kada ƙafar tebur ta taɓa ƙasa. A aza kowace bisa dutse shimhiɗaɗɗe ko tubalin siminti. Wasu na shafa baƙin man mota ƙarƙashin ƙafahu. In za a yi, ƙafa kawai, kuma a wanke hannu da sabulu. Kada a zubda sauran kusa da rijiya. A share ɓawon katako kowane marece. A duba ƙarƙashin tebur kowane sati, in an ga hanyar gara a rushe ta.

Kurhi, kullum bakinshi shi dubi gaba, hannu biyu bayanshi. Ƙarhe marar kaihi ya hi mai kaihi raunata mutum, don sai an danna da ƙarhi. A wasa kayan aiki. A sa takalmi. A rataye zarto da kurhi inda yara ba su kai. Wanda ƙusa ta soke, shi wanke wurin da ruwa da sabulu, shi tahi likita ranar nan, don allurar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki. Rigakahi ya hi magani.

BAYAN TEBUR

Aikin farko shi zama ƙarami: kujerar mata, allon makaranta, benci, murhin rijiya, ƙofar rumbu. Kowane aiki a rubuta shi: kuɗɗin katako, kuɗɗin ƙusa, kwanakin aiki, abin da anka biya, abin da ya saura bashi. Kafintan da ba shi rubutu, sau da yawa shina saida aiki ƙasa da abin da ya kashe, bai sani ba. Cikin kowace riba a ware kaɗan na sayen katako da gyaran kayan aiki.

Inda mutum ɗaya bai iya sayen katako ba, mutum ukku su haɗa kuɗɗi. Su yi tebur ɗaya, su raba kwanaki, su rubuta yarjejeniyarsu gaban shaidu. In aiki ya kankama, bisa teburin farko za a yi na biyu, kuma zai hi na farko kyau.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Wane aikin katako ne mutanen gari ke kaiwa birni?
2. In tsayin tebur santi 90 ne, kaurin sama santi 4, nawa ne tsawon ƙafa?
3. Don mi ba a shanya katako rana?
4. Wa za a gani kahin a sari icce?

Wanda ya karanta, shi karanta ma wanda bai iya ba. Wanda ya yi nashi tebur, shi rubuto ma jarida yadda aiki ya kasance, da dabarar da ya ƙara, don wasu su amfana.

Allah shi sa albarka ga sana'a. Allah shi ba da damana mai kyau.